Optimus Prime da Yayin Shugaba Mai Neman Sauke Kaya

A fitowa ta 4 ta mujallar zane ta Transformers, wadda kamfanin Skybound ya fitar a farkon 2024, wuta ta ɗauke a wani asibiti na ƙaramin gari a Amurka ana tsakiyar faɗa. Starscream, ɗaya daga maƙiyan Optimus Prime, shi ne ya yi ɓarnar. A ciki akwai marasa lafiya da numfashinsu ke rataye a jikin na'urori, har da Spike, yaron da ya fara sabawa da Optimus Prime, yana kwance da harbin bindiga. Optimus na waje da hannu ɗaya, domin ɗayan shi da kansa ya fizge shi a faɗan baya ya maka wa Skywarp, abokin yaƙin Starscream. Yawancin mayaƙansa suna kwance a cikin jirginsu kamar gawarwaki, babu makamashin da za a tashe su da shi. Abin da ya rage masa shi ne ɗan ƙarfin da ke cikin Matrix, wato abin nan mai haske da ke ɓoye a ƙirjinsa, wanda shi ne alamar sarautarsa kuma madogarar ransa. Ya buɗe ƙirjin ya juye ƙarfin ga asibitin, fitilu suka kama. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin da ake jiran a tada janareta ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da wannan shafi ke nufi.

Na ɗauko wannan fitowa ne domin ta saɓa wa wani yayi da ya daɗe yana damuna a labaran waɗannan mutum-mutumi masu rikiɗa su zama motoci da jirage. Yayin shi ne, duk lokacin da marubuci ya so ya nuna mana cewa shugaban Autobot, wato rundunar su Optimus, mutumin kirki ne, sai ya sa shi ya gaji da shugabancin, ya yi ta ƙorafin nauyinsa, a ƙarshe ya ajiye ya tafi. Murabus ya zama shaidar nagarta. Ni kuwa ban yarda ba. A ganina wannan hanya ce mai sauƙi ta sa mai karatu ya tausaya wa na sama ya manta da na ƙasa, alhali su ne ake bari da kayan bayan ya tafi.

Abin ya samo asali tun farko, kuma asalin nasa kasuwanci ne. Kamfanin Hasbro ya ɗauko kayan wasan yara na kamfanin Takara na Japan, ya nemi Marvel ta ƙirƙiro musu labari da sunaye, ya fitar da su a 1984. Bob Budiansky ne ya raɗa wa da yawansu suna ya kuma rubuta halayensu. Mujallar da aka shirya za ta tsaya a fitowa 4 sai da ta kai 80 kafin ta rufe a 1991. Tunda manufar ita ce sayar da kayan wasa, dole a riƙa kawar da tsofaffi a shigo da sababbi, kuma babu wanda ya fi tare wuri kamar shugaba. Shi ya sa fim ɗin 1986 ya kashe Optimus ya miƙa Matrix har ta faɗa hannun matashi Hot Rod, wanda ya zama Rodimus Prime. Yara suka yi ta kuka, iyaye suka yi ta ƙorafi, a 1987 aka dawo da Optimus. A tsakanin nan an zana Rodimus a matsayin wanda rigar ta yi wa yawa. Akwai ma wani shiri na talabijin da Matrix ta suɓuce masa a Japan, ya koma Hot Rod, ya ji kamar an sake shi daga kurkuku, sai daga baya ya koma ya karɓi abinsa. Wannan ban da ja a kansa, domin yaro ne da aka ɗora wa abin da bai nema ba, kuma ya dawo.

Wanda nake ja da shi shi ne abin da Budiansky ya rubuta a fitowa ta 24 ta Marvel, mai kwanan watan Janairun 1987. Optimus da babban maƙiyinsa Megatron sun amince su yi karonsu a cikin wasan kwamfuta maimakon fili, wanda ya faɗi a tarwatsa shi da gaske, wani matashi mai suna Ethan Zachary shi ke riƙe da makunnin. Megatron ya yi maguɗi. Duk da haka Optimus ya kayar da shi, amma a wajen kayarwar wasu 'yan halittun cikin wasan suka mutu. Halittun wasa fa, waɗanda ba su da rai. Sai Optimus ya ce ya karya ƙa'idarsa ta kare marasa laifi, don haka shi ne ya faɗi, ya sa yaron ya danna makunnin ya tarwatse. An so mu ga tsantsar gaskiya da riƙon amana. Abin da na gani shi ne kwamanda da ya bar rundunarsa a baƙuwar duniya, a gaban maƙiyi mara imani, don kawai zuciyarsa ta zauna fes. Kuma mujallar da kanta ta nuna sakamakon: bayan 'yan fitowa Grimlock ya haye kujerar, ya ƙera wa kansa kambi, ya mayar da mulkin na danniya, har Blaster da Goldbug suka tsere daga rundunar. Tsarkin zuciyar Optimus su ne suka biya kuɗinsa.

Da kamfanin IDW ya karɓi labarin a 2005, masu karatun sun girma. Yaran 1984 sun zama iyaye, wasu suna da ma'aikata a ƙarƙashinsu, kuma marubutan ma daga cikinsu suka fito. Aka fara yi wa labarin tambayoyin manya. Megatron ya tashi daga mugu kawai ya zama ɗan haƙar ma'adinai da tsarin danniya ya tunzura, tsarin da ke cewa abin da kake rikiɗa ka zama shi ne matsayinka har abada. Optimus ya zama tsohon ɗan sanda mai suna Orion Pax. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ina cikin waɗanda suke ganin abin da James Roberts da John Barber suka rubuta daga 2012 ya fi duk fina-finan da aka kashe wa miliyoyin daloli nesa ba kusa ba. Amma tsohuwar ɗabi'ar ta biyo su. A 2009, a farkon jerin da Mike Costa ya rubuta, Optimus ya ajiye shugabanci ya miƙa kansa ga sojojin 'yan'adam, mayaƙansa suka zaɓi Bumblebee. A Disambar 2011 kuma, bayan yaƙin ya ƙare, ya sake ajiye sunan Prime, ya koma Orion Pax, ya hau jirgi ya bar Cybertron, duniyarsu ta asali.

A yi wa marubutan adalci, wannan tafiya ta biyu tana da dalili. Dubban 'yan Cybertron da suka gudu ba su shiga kowane ɓangare ba sun dawo gida, kuma a idonsu Optimus da Megatron duk kanwar ja ce, su biyun ne suka ƙone musu ƙasa. Zamansa zai iya hana zaman lafiya. Na fahimci wannan. Sai dai a duba wa aka bar wa aikin. Bumblebee ne, yana dogara sanda, yana ƙoƙarin shirya zaɓe tsakanin tsofaffin mayaƙa da ba su yarda da juna ba da farar hula da suka tsani duka biyun, ga Prowl, wani jami'in Autobot, a gefensa yana ƙulle-ƙullensa. Ƙarshenta Starscream ya kashe Metalhawk, jagoran waɗanda suka dawo, ya yi amfani da mutuwar ya haye mulki, ya kori duk mai riƙe da tambarin ɓangare daga birni. Shafukan Bumblebee a jerin Barber sun fi koya mini abin da ake nufi da nauyin mulki fiye da duk dogon tunanin da Orion Pax ya yi shi kaɗai a sararin samaniya. Mulki taro ne da mutanen da ba ka so, da sauraron zagi daga waɗanda ka ceta, da sa hannu kan abin da ka san rabinsa kuskure ne. Hausawa sun ce babba juji ne, kuma juji ba ya tashi ya bar unguwa don sharar ta yi masa yawa.

Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne yadda Optimus ɗin ya dawo. A 2016 ya tsaya ya shelanta cewa ya shigar da duniyarmu cikin ƙawancen duniyoyin Cybertron, ba tare da ya tambayi ko mutum ɗaya daga mazaunanta ba. Wanda jiya yake cewa bai cancanci ya jagoranci kowa ba, yau ya yanke wa biliyoyin mutane hukunci shi kaɗai. Barber ya san abin da yake yi a nan, ya kuma bar wasu a cikin labarin suka faɗa masa gaskiya. Tafiyar da dawowar duk abu ɗaya ne ya haife su: shugaban yana shawara da zuciyarsa kawai, ba da mutanensa ba.

Wannan ne ya sa na ɗauki aikin Daniel Warren Johnson a mujallar Skybound da muhimmanci tun da ya fara a Oktoban 2023, a lokacin shi ke rubutu shi ke zane, Mike Spicer na sa launi. Johnson mai son kokawa ne, kuma ana gani a yadda ƙarafan nan ke ɗaga juna suna nanawa da ƙasa. Amma abin da ya ba shi kyautar Eisner a 2024 ya wuce dambe. A fitowa ta 2, Optimus na tafiya cikin daji yana kallon itatuwa, sai ya taka barewa bai sani ba. Ya durƙusa ya ɗauke ta a tafin hannunsa, gawar ba ta cika tafin ba. Ga laifi na gaske, rai na gaske, ba halittar wasan kwamfuta ba. Optimus na 1987 da a nan zai nemi a tarwatsa shi. Wannan kuwa ya yi baƙin ciki, ya gane cewa a wannan duniya komai mai saurin karyewa ne a ƙarƙashin ƙafarsa, ya miƙe ya ci gaba da taka ƙasa da hankali. Fitowa biyu bayan haka sai ga asibitin. Bai yi jawabi kan nauyin da ke kansa ba. An nuna mana abin da yake da shi, an nuna mana masu bukata ta ɓangarori biyu, nasa da baƙi, ya zaɓa, kuma zaɓin ya rage masa ƙarfi a gaban maƙiyi.

Johnson bai kuma ɓoye waɗanda zaɓin ya cuta ba, kuma nan ne ya fi burge ni. Da Jorge Corona ya karɓi zanen daga fitowa ta 7, an buɗe da Elita One, mayaƙiyar Autobot, a Cybertron, tana kutsawa sansanin maƙiyi Shockwave, abokan yaƙinta suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, don ta ceto Ultra Magnus da azaba ta riga ta karya. Wannan mata ta riƙe gida tsawon zamanin da Optimus ba ya nan. Da ta same shi ta ga ya fifita kare duniyar wasu a kan ceto tasu da ke mutuwa, fushinta ba na mugunta ba ne, kuma labarin bai mayar da ita muguwa ba. Mai karatu zai iya rufe mujallar yana ganin ita ce da gaskiya. Haka Carly, yarinyar da Starscream ya kashe wa uba tun a fitowa ta farko, ba ta da haƙurin sauraron zancen rahama daga bakin manyan ƙarafan da suka kawo mata yaƙi har gida.

Inda nake da ƙorafi a kan Johnson shi ne hannun Megatron. A ƙarshen wannan fitowa ta 4, Optimus ya maye gurbin hannunsa da na Megatron, da ƙatuwar bindigar da ke jikinsa. A ido zane ne mai ban tsoro da ban sha'awa, kuma na san dalilin da ya sa masu karatu suka yi ta yaɗa shi. Sai dai daga nan duk lokacin da Optimus ya wuce gona da iri, kamar yadda ya yi wa Shockwave kisan gilla a fitowa ta 12, akwai wurin da za a jingina laifin: hannun ne, baƙin abu ne ya shige shi. Wannan wata ƙofar gudu ce, 'yar'uwar murabus. Wanda ya yi shekara da shekaru yana aika na ƙasa da shi su mutu ba ya bukatar hannun wani kafin zuciyarsa ta bushe. Yaƙin kansa ya isa. Da an bar fushin ya zama nasa, da ya tsaya gaban mayaƙansa ya amsa shi da sunansa, da labarin ya fi ciwo kuma ya fi gaskiya. Johnson ya riga ya nuna a shafin barewar cewa zai iya rubuta Optimus da ke ɗaukar laifinsa ba tare da ya gudu ko ya ɗora wa wani ba, don haka ban ga abin da ya sa ya ba shi wannan mafita ba.