Matar Da Ke Tauna Takalmi

'Yan uwana mata ma'abota kallon tsofaffin finafinan Indiya, yau da ku nake. Na san da yawanku kun haddace Mother India na 1957 kamar ku kuka tsara shi. Ni kaina sai da na jiƙa bakin zanina da hawaye saboda Nargis. To amma akwai wasu tsofaffin finafinai da ba ma waiwaya, waɗanda ba 'yan wasa a ciki, mutane ne kawai aka ɗauka cikin rayuwarsu, dangin majigin da iyayenmu suka kalla a ƙofar fada.

Wanda nake so ki fara da shi, 'yar uwa, shi ne Nanook of the North, na wani Ba'amurke Robert Flaherty, wanda ya fito a 1922. A can arewacin Kanada aka ɗauke shi, ƙasar ƙanƙara, cikin mutanen Inuit. Ba magana, ba waƙa, ba rawa, sai rubutu jefi-jefi. Da farko na ce wannan ai barci zai sa ni. Ashe ba haka ba ne.

Kowa maigidan yake yabo, da farautarsa da ɗakin ƙanƙarar da ya gina har da taga. Ni kuwa matar ce ta tsaya mini a rai, Nyla. Goyonta yana cikin hular rigarta ta fata. Da safe takalman maigida sun sandare don sanyi, sai ta sa haƙora ta yi ta taunawa har su yi laushi. Wallahi ba a sa mata kuka ba, ba ta yi wa kowa waƙar baƙin ciki ba, amma na ji wahalarta kamar ta Nargis tana jan garma. Ƙorafina ɗaya, Flaherty bai ba ta lokaci ba, hankalinsa na wajen maza.

Kada kuma in ɓoye miki, akwai shiri a ciki. Sunan mutumin na gaskiya Allakariallak, kuma Nyla ba matarsa ba ce. Da bindiga yake farauta, aka sa shi ya riƙe mashi irin na kakanninsa. Har cizon faifan garmaho aka sa shi ya yi, wai bai san shi ba. Wannan kam raini ne, kuma ya ɓata mini rai. Sai dai shi sanyin ba wanda ya shirya shi, ƙwarewar hannun nan ma ba ta aro ba ce.

Yana nan a YouTube, bai kai awa ɗaya da rabi ba. Ki bari yara su kwanta tukuna, don in suna kusa tambaya za ta hana ki ganin Nyla.