Ganye yana da ƙofa: abin da darasin aji ya manta game da fari

In ka taɓa bin hanyar Rano zuwa Kibiya da azahar, a irin makonnin nan da ruwa kan ɗauke bayan shuka ta kai gwiwa, to ka ga abin da za mu yi magana a kai. Masara ta naɗe ganye kamar tabarma, gyaɗa ta haɗe nata, wake kuma ya juya wa rana gefen ganyensa. Ga hasken rana har ya yi yawa. In dai abin da aka koya mana a aji ne, ai lokacin ne ya kamata gona ta fi aiki. To me ya sa ta yi tsit?

Ka tuna darasin: haske da ruwa da iskar kabon su haɗu a ganye, sai a sami sukari da iskar oksijin. Shi ake kira fotosintesis. Ba ƙarya a ciki. Laifinsa ɗaya, ya nuna ganye kamar injin niƙa, ko yaushe ka zuba zai niƙa. Daga nan ne aka haifi maganganu biyu da muke ji: wai yawan rana yawan amfani, da kuma wadda ke yawo a Facebook da WhatsApp, wai tunda iskar kabon abincin tsiro ce, sauyin yanayi alheri ne ga manomi. Duka biyun sun manta ganye yana da ƙofa.

A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ana ce musu sitomata. Ta nan iskar kabon ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Cinikin ma da tsada: kafin ƙwayar kabon ɗaya ta shiga, ɗaruruwan ƙwayoyin ruwa sun fice. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ta nan yake tafiya. Da ƙasa ta fara bushewa, sai tsiron ya ƙara yawan wani sinadarin saƙo, absisik asid, wanda ke sa ƙofofin su rufe. Ruwa ya tsira, amma kabon ya daina shiga, girki ya tsaya.

Ita kuwa rana ba ta san an rufe ƙofa ba. Haske na ci gaba da zuba, ba inda za a kai ƙarfinsa, kamar tukunyar da ruwanta ya ƙone amma ana ta iza mata wuta. Ganyen kan zubar da wani ɓangare a matsayin zafi. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya fara lalata sassan da ke kama hasken. Ka ga ashe naɗewar masara da juyawar wake dabara ce ta rage hasken da ke dukansu.

Akwai matsala ta biyu. Sinadarin da ke cafke kabon a cikin ganye, Rubisko, yana da kuskure: kusan sau ɗaya cikin biyar oksijin yake cafkowa, sai tsiron ya ɓata ƙarfi wajen gyara ɓarnar. In zafi ya ƙaru, ƙofa kuma a rufe, kuskuren sai ya yawaita. Shinkafa, alkama, wake, gyaɗa da tumatir duk suna fama da wannan. Su ne ake kira rukunin C3. Dawa, gero, masara da rake kuwa, wato C4, suna da wata hanya ta tara kabon su cusa shi inda Rubisko yake, wadda Hatch da Slack suka bayyana a Ostireliya a 1966. Shi ya sa sukan haɗa abinci da kusan rabin ruwan da na C3 ke kashewa. Kakanninmu ba su san sunan ba, amma ba a banza suka riƙe dawa da gero ba.

To mu koma kan maganar “kabon abinci ne”. A yi mata adalci: kabon ɗin iska ya tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 yau, kuma gwaje-gwajen da aka yi a fili sun nuna alkama da shinkafa kan ƙara amfani in an ƙara musu shi. Sai dai masara, da aka gwada ta a jihar Ilinoi ta Amurka, ba ta ƙara komai ba a shekarar da ruwa ya wadata, don dama tana da famfonta. Wani bincike na 2014 ma ya nuna alkama da shinkafar da suka sha ƙarin kabon kan ragu a zinki da ƙarfe da furotin. Buhu ya cika, amfanin jiki ya ragu.

Kuma kabon ba shi kaɗai yake zuwa ba, da zafi yake tafe. A 2011 David Lobell da abokan aikinsa sun duba sakamakon gwajin masara sama da 20,000 a Afirka. Suka ga duk ranar da zafi ya haura digiri 30 da digiri ɗaya, amfanin kan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 in akwai ruwa, da kashi 1.7 in ana fari. Kasancewar masara C4 bai hana ta shan wuya ba, musamman in farin ya same ta tana fitar da bununi za ta yi goyo. A nan dawa ta fi ta: saiwarta ta fi yawa, jikinta na da farar hodar nan mai kama da kakin zuma da ke rage fitar ruwa, kuma takan dakata ta jira ruwa ya dawo.

In kana son shaidar da ba ruwanta da fari, leƙa maƙwabta, wajen Bunkure da Kura, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. Ruwa a wadace yake, amma mai alkamar da ya makara bai shuka a tsakiyar Nuwamba ba, zafin Maris ya riske ta tana cika ido, ya san yadda ƙwayar ke fita a tsamure. Rana ga ta, ruwa ga shi, amfani ya ƙi. Haka kuma gonar da ruwa ya kwanta a fadama kan yi yaushi, don saiwar da ta rasa iska ba ta iya zuƙo ruwa, sai ganye ya rufe ƙofa. Darasin aji ba shi da amsar ko ɗaya daga cikin biyun.

Me wannan zai amfane ka a gona? Kada ka yanke hukunci da azahar; je ka da sassafe. In ganye ya warware cikin dare, tsiron kare kansa yake yi. In ka tarar da shi a naɗe tun da asuba, abin ya yi nisa. Kada kuma ka ruga ka watsa yuriya a busasshiyar ƙasa wai don shuka ta farfaɗo. Ba yunwar taki ce ta rufe ƙofar ba, kuɗinka ne zai bi iska, ko ma takin ya ƙona saiwa. Jira ruwa ya sauka. Takin gargajiya da rufe ƙasa da kara ko ciyawa su ne ke riƙe laima. A jigawa mai yashi, nemi irin masara mai saurin nuna ko mai jure fari, kamar waɗanda cibiyar IAR ta Samaru da IITA suka fitar, kada kuma ka kori dawa daga gonar gaba ɗaya.

Ga malaman makaranta kuwa, roƙonmu kaɗan ne. Yaron da ke haddace lissafin nan a Rano ko Kibiya, gobe shi ne malamin gona. In an gama rubuta haske da ruwa da kabon a allo, a fita da ɗalibai bakin gona da rana tsaka, a ɗaure farar leda a kan ganye, su ga ruwan da zai taru a ciki, sannan a tambaye su me zai faru ranar da ƙasa ba ta da ruwan da za ta biya.