Kalmar Inji, Daga Rum Zuwa Fadamun Kabo

Daga Gwarzo zuwa Getso, daga Kabo zuwa Garo, da wuya gari ya waye rana ta faɗi ba a ambaci inji a gida ba. Uwa za ta ɗora wa yarinya kwanon surfaffiyar dawa ta ce ta kai inji kafin layi ya yi tsawo. Mai noman rani a bakin madatsar Guzu-Guzu zai ɗaure nasa a bayan babur, tiyo a naɗe a kafaɗa, galan ɗin fetur na reto a gefe. Babu ɗayansu da yake jin cewa Turanci ya yi. Kuma gaskiyarsu ce, domin kalmar ta daɗe da fita daga sahun kayan aro: Hausa ta rage mata tsawo, ta yi mata jam'i, ta kuma shata mata iyakar da ba ta da ita a gidan da ta fito. Masu ƙyamarta, da masu ƙorafin yadda ake kiran kowa injiniya, mafi yawan hujjarsu tana rushewa idan aka bi sawunta.

Su kansu Turawan Ingila aro suka yi. Tushen engine shi ne ingenium ta Latin, harshen Rumawa, wadda ba ta da alaƙa da ƙarfe ko hayaƙi. Baiwa take nufi, wato basirar da aka haifi mutum da ita. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1300, tana ɗauke da ma'anar dabara, wayo, har da makirci da tarko. Daga dabarar da ke cikin kai sai ta sauko kan abin da dabarar ta ƙera, musamman manyan majajjawan yaƙi da ake rusa ganuwa da su, kuma maƙerin irin waɗannan shi ne injiniya na farko. Sai da Thomas Newcomen ya haɗa injin tururi a 1712 don zuƙe ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai, James Watt kuma ya inganta shi ya yi masa rajista a 1769, sannan kalmar ta manne wa abin da ke cin makamashi ya ba da motsi. A gefe guda wani gutsurenta, gin, ya zama sunan abin gurzar auduga, wanda Eli Whitney ya shahara da shi a Amurka daga 1793. Yau kuwa har manhajar bincike irin Google da wannan kalma Turawa ke kiranta, alhali ba piston ba hayaƙi.

Hausa ta gamu da ita ne a matakin ƙarfe da hayaƙi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanin auduga na BCGA kuma ya kakkafa masana'antun gurza a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa, inda audugar wannan shiyya ta kan iyakar Kano da Katsina take ƙarewa. Tare da ita aka shigo da tawaga guda ta sunayen sana'a: direba, kafinta, birkila, bakanike, lebura. Abin lura shi ne yadda kunnen Bahaushe ya yanka ta. Sunayen Hausa kusan duk da wasali suke ƙarewa, saboda haka da aka ji injin, sai aka ɗauki baƙin ƙarshen a matsayin ɗafin nan na mallaka da ke cikin gidan sarki ko ramin kura. Aka cire shi, aka samu inji, namiji, mai jam'in injuna a bisa awon kwando da kwanduna. Idan ana so a faɗi aikinsa sai a mayar da baƙin: injin niƙa, injin markaɗe, injin casar shinkafa, injin ban-ruwa. Baturen da ya ji injin niƙa zai ɗauka kalmarsa ce cikakkiya, bai san harafin ƙarshen na Hausa ba ne. Illar wannan yanka ɗaya ce, kuma ta marubuta ce: kullum sai an tuna musu cewa in ji wane a rabe ake rubuta shi.

Iyakar ma'anar ta fi sigar ban sha'awa. A bakin mutanen Gwarzo da Kabo ba kowane ƙarfe mai juyawa ne inji ba. Sai wanda yake da ƙarfin kansa, wanda ake tayarwa, ya yi ƙara, ya mutu. Shi ya sa abin ɗinkin tela, ko Singer ne ko Butterfly, keke ne, tunda ƙafa ke juya shi. Mashin kuwa, wadda a Turanci ta haɗe kowace na'ura, a nan ta tsuke ta koma babur. Sannan inji ya zama wuri: wanda ya ce ya tafi inji rumfar nan yake nufi, mai ƙurar gari a bango da tsohon injin Lister yana bugawa, bel na kaɗawa, yara sun jera kwanoni a ƙasa kowa na gadin nasa. Bayan wannan sabuwar ma'ana akwai babban sauyi. Niƙa a da aikin mata ne a durƙushe gaban dutse, da asuba, tare da waƙoƙinsa. Da inji ya zo sai ya fita daga cikin gida ya zama sana'ar kuɗi, galibi a hannun maza, aka samu mai inji da yaron inji. Haka jigo ya kau daga fadama tun daga shekarun 1980, lokacin da hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, ta yaɗa ƙananan injunan fetur, shirin Fadama na Bankin Duniya kuma ya ɗora a shekarun 1990.

Masu kishin harshe za su ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma ga na'ura, me zai sa a riƙe ta Nasara? Sai dai na'ura ma baƙuwa ce. Daga Larabci ta zo, inda take nufin ƙatuwar ƙafar katako mai ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda birnin Hama na Siriya ya yi suna da su. Ta riga zuwa ne kawai, ta kuma shigo ta ƙofar malamai. Bayan haka kalmomin biyu sun raba aiki tsakaninsu: na'ura ta gidan rediyo ce da jarida da abin da ba ya ƙara, kamar kwamfuta, inji kuma na mai baƙin mai a hannu. Wanda ya shiga kasuwar Getso yana cigiyar na'urar ban-ruwa za a gane shi, amma za a san ba manomi ba ne. Tiyon da ke kafaɗar manomin ma daga Faransanci ya zo, ba a taɓa jin wanda ya nemi a kore shi ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. A garuruwan nan duk wanda ya iya kwance kafireto, ya wanke fulogi, ya sauya ringi, injiniya ake ce masa, alhali a Najeriya hukumar COREN, wadda doka ta kafa a 1970, ita ke da ikon yi wa injiniya rajista. Wanda ya yi shekara biyar a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello yana da dalilin jin haushi, kuma inda ake maganar gada ko bene riƙon sakainar kashi da laƙabin yana iya cin rai. A nan dokar ce ke da gaskiya. Amma cewa Bahaushe ne ya zubar da darajar kalmar ba daidai ba ne. A Amurka direban jirgin ƙasa ma da ita ake kiransa, a Ingila kuma har mai gyaran tukunyar ɗumama ɗaki. Newcomen kansa mai sayar da kayan ƙarfe ne, bai shiga jami'a ba. Mutumin Kabo kuma bai ruɗe ba: ya san injiniyan gwamnati da ke zuwa awon hanya daban, injiniyan da zai tashe masa inji kafin tumatir ya yi yaushi daban. Na biyun, da yake sassaƙa abin da babu a kasuwa daga tsohon ƙarfe, ya fi kusa da tsohuwar ma'anar Rumawa.

Iyakar nan ta ƙara da hayaƙi yanzu take fuskantar gwaji. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu noman rani da dama sun juya injunansu zuwa tukunyar gas, masu hali kuma sun koma famfon hasken rana. Na gas bai sauya suna ba, tunda har yanzu sai an ja igiya ya tashi. Na hasken rana ba a ja masa igiya, ba ya shan baƙin mai, kuma a bakin masu saye da sayarwa sola kawai ake ce masa.