Jinjina Ga Waɗanda Suka Dawo Da Mario Tafin Hannu

A 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Bros., wasan da Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka ƙirƙira: Mario, wani gajere mai gashin baki, yana sheƙawa da gudu, yana tsallake ramuka, yana tattake maƙiya har matakai 32. A 1999 aka sake ƙera shi domin na'urar hannu ta Game Boy Color, aka raɗa masa Super Mario Bros. Deluxe. Masu wannan aiki nake jinjina wa.

Gyaran tsohon gini ya fi aza sabo wuya. Fuskar na'urar ƙarama ce, ba ta ɗaukar duk abin da talabijin ke nunawa a wasan asali. Ba su ƙanƙance Mario ba, sai suka ba mai wasa damar leƙa sama da ƙasa. Suka ƙara da adana inda mutum ya tsaya, da farautar jajayen sulalla, da tseren mutum biyu idan an jona na'urori biyu. Matakan asali da kiɗan Koji Kondo kuwa, suka riƙe su da mutunci.

Riƙon amana ke nan. Sannunku da aiki, gwanaye!