Hatimin Muhammadu al-Katsinawi da Masu Karanta Rabinsa

A gafakar kakana, a wani ƙauye gefen Batsari, na fara ganin da'irar taurari ashirin da takwas. Kowane tauraro kwana goma sha uku ne, ban da Jabaha mai sha huɗu, su haɗu su ba da 365. A bayan takardar akwai hatimi mai gida tara, wanda duk layin da aka bi jimillarsa sha biyar. Hannu ɗaya ya zana su, kuma mai hannun bai ɗauke su ilimi biyu ba.

Wannan ne ya sa nake jayayya da yadda ake karanta Muhammadu al-Katsinawi a yau. Malamin ya rubuta Bahjatul Afaƙ a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti. Tun da Claudia Zaslavsky ta kawo shi cikin Africa Counts a 1973, masu yabonsa suka mai da shi masanin lissafi zalla. Suna nuna dabararsa ta cika hatimi mai gidaje mara, su kau da kai daga haruffa da taurarin da ya rataya wa lambobin, kamar wanda ya ga abin kunya a ɗakin suruki. Wasu kuma sun ce tsubbu ne, sun rufe littafin. A ganina duka ɓangarorin rabi suka karanta.

A al'adar da ya gada, hatimi taswirar sama ce: mai gida uku-uku na Zuhalu ne, a yi ta saukowa har mai tara-tara na Wata. Kowane harafi da adadinsa, kowane adadi da mazauninsa. Ɗalibin da ya riƙe zanen ya riƙe jerin falaki da hisabi a tafin hannu, ba ya bukatar ɗakin littattafai. Wanda ya zare lambobin kaɗai ya sami wasan ƙwaƙwalwa, ya rasa dalilin da ya sa aka yi wahalar zana su.

Ba na ɓoye aibin zanen. Ba ya yarda da gurbi, dole kowane gida ya cika, ko duniya ta amince ko ta ƙi. Da'irar nan daga ƙasar Larabawa ta zo, damina kuwa a bakin dajin Rugu ba kullum take jiran tauraronta ba. Kakana ya sani. A gefen da'irar, da tawada dabam, ya rubuta shekarun da shukar gero ta yi latti, rubutun ya yi ta cin gefe har ya kusa taɓa zanen. Wannan gefen nake so masu nazari su karanta tare da tsakiyar.

Sai dai fa a same shi. Ƙauyuka da dama a Batsari da Safana sun watse saboda 'yan bindiga, kuma mai gudu da dare yara yake fara ɗauka kafin gafaka. Tamu ta tsira ne don wata gwaggona ta ɗauka Alƙur'ani ne a ciki.