Masu Auna Ɗan Hoton da Ke Sayar da Wasa

A shekarar 2024 kaɗai, sababbin wasanni sama da 18,000 ne suka shiga Steam, babban kantin intanet na sayar da wasannin kwamfuta da kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a 2003. Idan aka raba, kusan wasa 50 ke nan a kowace rana. Tun da Valve ya sassauta sharuɗɗa a 2017, ya ba duk mai dala 100 damar kawo wasansa, kantin ya zama kasuwar da ba ta watsewa. Mai saye kuwa ba karatu ya kawo shi ba. Jan shafi yake yi ƙasa, hotuna na giftawa ta gabansa. Wasan da aka shekara uku ana ginawa, ba abin da ke tsaya masa a wannan cunkoso sai ɗan hoto guda mai ɗauke da sunansa.

Akwai mutanen da gwanintarsu ita ce duba wannan hoto kafin a kafe shi a kanti, su faɗi ko zai yi aiki ko ba zai yi ba. Wasu ma'aikatan kamfanonin da ke fitar da wasanni ne, wasu masu ba da shawara ne kan talla, irin su Chris Zukowski na Amurka, wanda ya daɗe yana jan kunnen masu ƙananan wasanni da kada su yi tsimin kuɗi a kan wannan hoto. Aikinsu yana burge ni matuƙa, domin ya haɗa idon mai zane da lissafin ɗan kasuwa, ya kuma ɗora wani abu da ya fi su wuya: mutum ya ajiye duk abin da ya sani game da wasan, ya kalle shi da idon baƙo.

Nan ne mai wasan kan kasa. Shi ya san labarin, ya san sunan kowane jarumi, ya san dalilin da ya sa aka zana ƙaramar fitila a can gefe. In ya kalli hoton, wahalar shekarunsa yake gani. Baƙo ba ya ganin ko ɗaya daga ciki. Shi ya sa gwanin awo yakan fara da abin da mai zane ba ya so, wato ya ƙanƙantar da hoton. An zana shi a babban allo, kowane gashin gira ya fito sarai, amma Steam na nuna shi a girma iri-iri, kuma a wasu jeri yakan koma fiksel 120 a faɗi, 45 a tsayi. Idan sunan wasan bai karantu a wannan girma ba, magana ta ƙare. Rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe da sirara yakan narke ya zama tabo. Jarumai biyar da aka jera sukan koma tarkacen da ba a gane kansa ba.

Daga nan sai ya cire launi, ya mayar da hoton baƙi da fari. Ja da kore sukan bambanta ƙwarai a ido, amma idan nauyin haskensu ɗaya ne, da zarar an cire launi sai su haɗe, jarumi ya nutse cikin dajin da ke bayansa. Sai kuma ya dusashe hoton, ko ya ɗan runtse ido, ya ga abin da ya saura. Hoto mai ƙarfi yana barin siffa guda da ido zai kama. Hollow Knight, wasan da Team Cherry na birnin Adelaide a Ostareliya suka fitar a 2017, misali ne da ya cinye duk waɗannan gwaje-gwaje. Farar fuska ce mai ƙaho biyu da baƙaƙen ramukan ido, a kan shuɗi mai duhu. A ƙanƙanta shi, a dusashe shi, a cire masa launi, wannan farar siffa tana nan daram.

Gwaji na gaba shi ne na maƙwabta. Gwani ba ya yanke hukunci kan hoto yana shi kaɗai a farin shafi. Yakan ɗauki hoton shafin Steam na gaske, ya liƙa nasa a tsakiyar na abokan gogayya, a kan bangon kantin mai duhun shuɗi. Mai atamfa a Kantin Kwari ya san cewa turmin da ya yi kyau a hannu yana iya ɓacewa idan aka jera shi cikin 'yan'uwansa masu kala ɗaya. Haka hoton wasa yake. Idan wasannin ban tsoro goma duk sun zo da baƙi da ja, na goma sha ɗaya yana fuskantar zaɓi mai wuya. In ya yi kama da su sosai, ya ɓace. In ya yi nesa da su sosai, masu son irin wannan wasa ba za su gane cewa nasu ne ba. Gano iyakar da ke tsakanin biyun nan shi ne inda ƙwarewa take.

Sai a zo ga tambayar da ta fi kowace nauyi. Gwani yakan nuna wa mutumin da bai taɓa jin labarin wasan ba hoton na 'yan daƙiƙoƙi, ya rufe, ya tambaye shi: wane irin wasa ne wannan, me kake zaton za ka yi a cikinsa? Ba ya tambaya ko hoton ya yi kyau, domin kowa zai ce ya yi kyau don kada ya ɓata ran mai shi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar wasa ke nan. Stardew Valley na Eric Barone, wanda ya fito a 2016, yana da suna da aka rubuta kamar da katako, ga shuɗin sama da koren tsaunuka, duk a zanen fiksel irin na cikin wasan. Wanda ya gani ya san zaman lafiya da rayuwar karkara aka kira shi, ba fagen fama ba. Idan kuwa wasa na gina gari ne amma baƙi suna cewa na harbe-harbe ne, to hoton ya faɗi, komai kyansa.

Tarihi ya nuna tsadar wannan kuskure tun zamanin da ake sayar da wasa a kwali. Ico, wasan Sony na 2001, ya fita a Japan da Turai da zanen da mai tsara shi Fumito Ueda ya yi da kansa, bisa salon mai zanen Italiya Giorgio de Chirico: mutane biyu 'yan ƙanana riƙe da hannun juna, a gindin wani katafaren gini. Kaɗaici da tausayin da ke cikin wasan duk suna nan. A Amurka sai aka sa hoton yaro mai ƙaho riƙe da sanda, kamar kowane wasan doke-doke na yara. Wasan bai yi kasuwa sosai a can ba, kuma daga baya wani babban jami'in sashen Sony na Japan ya ɗora wa wannan hoto wani kaso na laifin. Wasa ɗaya ne, alkawarin da aka yi wa mai saye ne ya bambanta.

Bayan ido sai alƙaluma. Valve yana nuna wa mai wasa sau nawa hotonsa ya bayyana a gaban mutane, da kuma sau nawa aka danna. A wayoyin hannu abin ya fi haka sauƙi: Google Play ya ba da damar gwada hotuna mabambanta a kan rukunonin masu saye tun 2015, Apple ma ya kawo irin nasa a 2021. Sai dai gwani ba ya barin lamba ta ruɗe shi. Ya san hoton da aka nuna wa masu neman irin wasan da kansu zai fi samun dannawa a kan wanda aka baza a shafin farko ga kowa da kowa, don haka ba ya gwama su. Ya kuma san yawan dannawa ba ciniki ba ne. Abin da yake bi shi ne abin da ya biyo baya: mutum nawa suka sa wasan a jerin abubuwan da suke marmarin saye, nawa suka saya, nawa suka mayar. Tun 2015 Steam yana mayar wa mutum kuɗinsa idan ya nema cikin kwana 14, matuƙar bai buga wasan ya kai awa 2 ba. Hoton da ya yi ƙarya yana iya tara jama'a, amma za su juya da kuɗinsu, su bar mummunan sharhi a baya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Gwani yakan kuma yi hattara da yayi. Duk mai wayar hannu ya ga jerin fuskokin mayaƙa da baki wangame suna ihu, salon da ya bazu bayan nasarar Clash of Clans na kamfanin Supercell na Finlan a 2012. Abin da ya ja ido a farko ya zama gama-gari da kowa ya kwaikwaya. A Steam ma an kai lokacin da hotuna suka cika da makin masu sharhi, tambarin lambobin yabo da shelar ragi, har sunan wasan kan nemi wurin zama ya rasa. Valve ya hana wannan daga 1 ga Satumba, 2022. Dokar ta mayar da nauyin kan zane da suna, wato daidai wurin da masu wannan gwaninta suka daɗe suna cewa a duba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikin shi ne amanar da ke cikinsa. Mai awo yana tsaye tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba: wanda ya zuba ƙarfinsa da dukiyarsa a wasa, da wanda ke neman abin da zai ba lokacinsa da kuɗinsa. Dole ya iya gaya wa na farko gaskiya mai ɗaci, cewa zanen da yake ƙauna ba ya karantuwa, ko a cire jarumai huɗu a bar ɗaya. Dole kuma ya ƙi yaudarar na biyu, ko da yaudarar za ta ɗaga lambobin mako guda. Idan ya yi aikinsa daidai, ba wanda zai san ya taɓa hoton, amma wasan zai isa hannun mutanen da aka gina shi dominsu, su kuma su samu abin da aka yi musu alkawari.