Ƙyalli ko Caccaka? Sharhi a kan Kalmar "Coruscate"

A cikin wannan ɗan sharhi za mu duba wata kalmar Ingilishi wadda ba a cika jin ta a bakin jama'a ba, sai dai a rubuce, wato "coruscate". Asalinta daga Latin ne, daga "coruscare", mai nufin walƙawa ko karkarwa, kuma ta shiga Ingilishi wajen farkon ƙarni na 18.

Da farko ya kamata mai karatu ya lura cewa ba kowane irin haske take nufi ba. Hasken rana da tsaka tsayayye ne, saboda haka bai shiga ba. Haka nan sheƙin shadda, ko annurin fuska. Abin da take nufi shi ne haske mai tartsatsi, wanda ke bayyana yana ɓacewa, kamar na lu'ulu'u in an juya shi, ko na takobi a rana. Ƙyalƙyali da walwali su ne suka fi kusa da ita a Hausa. Daga nan ne Turawa suka aro ta domin yabon zance mai hikima, wanda fasaharsa ke walƙawa.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Marubutan jaridu da dama a Ingila sun riƙa rikita "coruscating" da "excoriating", saboda kamancin lafazi. Ita kuwa ta biyun tushenta "corium" ne, wato fata, ma'anarta feɗewa, daga bisani ta koma kakkausar suka. Har jaridar Guardian ta gargaɗi ma'aikatanta a kan wannan kuskure a cikin littafinta na ƙa'idojin rubutu. Duk da haka kuskuren ya yaɗu, har wasu ƙamusoshin zamani sun karɓe shi a matsayin ma'ana.

Wannan ya jefa mai fassara cikin tsaka mai wuya. Alal misali, in aka siffanta jawabin ɗan majalisa da ita, yabon fasaharsa ake yi, ko kuwa ana nufin ya caccaki gwamnati? In ya zaɓi wadda ba ita ba, ya ɗora wa mutum abin da bai yi ba.

A ra'ayinmu, kada mai fassara ya dogara ga ƙamus kaɗai. Ya karanta jawabin kansa, ya ga ko akwai wanda aka soka a ciki, sa'an nan ya yanke hukunci.